Amsar da Ta Riga Tambaya

Ranar Litinin, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Mai Agogo ya yanke shawarar zama gwarzon shekara na Ƙungiyar Masoya Tsofaffin Waƙoƙi. Abu ɗaya ne kawai ya rage masa, wato sanin waƙoƙin.

Shekararsa goma sha ɗaya a ƙungiyar. Kowace Asabar, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, membobi kan taru a wani ɗaki da ke saman shagon littattafai. Mutum uku su zauna a wannan tebur, uku a wancan, saura su yi kallo. Alƙalin wasa, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, yakan karanta tambaya, ya danna rikoda a ji daƙiƙa biyar na wata tsohuwar waƙa, sannan ya ɗage yatsa. Wanda ya riga buga ƙararrawa shi ke amsawa, in ya kuskure tambaya ta koma ɗaya teburin. Littafin ƙungiya ya nuna cewa a tsawon waɗannan shekaru Mai Agogo ya amsa daidai sau huɗu. A gefen biyu daga ciki an rubuta da jan biro: "Ya ji daga bakin na kusa da shi."

A gida kuwa labarin daban ne. Can shi ne Taskar Waƙa, sunan da ya raɗa wa kansa, kuma duk wanda ya kira shi da shi, to zolaya ce. Yakan gaya wa matarsa cewa ko tarin mawaƙi ya ji a kaset, zai faɗi shekarar da mura ta kama shi.

Ana gobe wannan Litinin, da yammacin Lahadi, matar ta ajiye masa kofin shayi ta tsaya a kansa.

"Maigida, wai ina kofin?"

"Ga shi a gabana."

"Ba wannan ba. Na gasar. Shekara goma sha ɗaya kana cinye su, ko murfinsa ban taɓa gani ba."

"Tausayi ne," in ji Mai Agogo. "In na ɗauko shi, me zai hana yaran nan fita daga ƙungiya? Babba juji ne."

"To bana ka ajiye tausayin. Na ji Asabar mai zuwa ranar baƙi ce, kowa zai zo da iyalinsa. Zan zo, ni da ƙanwata. In ka ci kofi, Asabar taka ce har ƙarshen rayuwa, ba zan ƙara ɗaga maka ido ba. In ba ka ci ba, Asabar ta zama tawa, ni zan faɗi yadda za a yi da ita."

"Ki sa shaida," ya ce, don bakinsa ya saba riga hankalinsa.

Ta sa ƙanwarta.

Wannan ne ya sa, da Alƙali ya shigo shagonsa ran Litinin da agogon hannu da ya tsaya, ya ajiye koren fayil a kan kanta, ya ce zai tsallaka kantin magani ya dawo, Mai Agogo ya dubi fayil ɗin kamar yadda kura ke duban akuyar da aka ba ta ajiya. Alƙali ya yi minti goma sha huɗu. A cikin fayil babu tambayoyi, domin waɗannan a aljihun ƙirjinsa suke kwana. Amma akwai takarda guda mai ɗauke da amsoshi goma sha biyar, a jere, da kyakkyawan rubutu. Mai Agogo ya kwafe su a bayan kwalin batir, ya mayar da fayil daidai inda yake, ya sa gilashin aiki a ido, ya duƙufa. Da dattijon ya dawo, har ya yaba masa da riƙon amana.

"Ranka ya daɗe, sana'armu ta gaji haka," in ji shi.

Hadda ta ci kwana huɗu. Tun yana makaranta hanya ɗaya ya iya: ya ƙulla kalmomi kamar sarƙa, kowace ta jawo ta bayanta. Daga farko zuwa ƙarshe yakan zuba su ba gargada. Amma in aka ce ya faɗi ta tara ita kaɗai, sai ya koma ya taso daga ta ɗaya. Ran Laraba wata mata ta kawo agogon bango, ta tambaye shi yaushe za ta dawo ta karɓa.

"Saba'in da huɗu," ya ce, idonsa a rufe.

Matar ta ɗauki agogonta ta fita ba sallama.

Ran Alhamis ya gano babbar matsala. Wata mota ta tsaya a ƙofar shago da kiɗa a buɗe, kafin ta wuce amsoshi shida sun zube daga kansa. Ya gwada da rediyo, sakamako ɗaya. Ya tabbata cewa babban abin da zai hana shi cin gasar waƙa shi ne jin waƙa. Sai ya sayi auduga. Tsarinsa ya kammala: zai toshe kunnuwa, ya zuba wa yatsan Alƙali ido, yatsa na ɗagawa ya buga ƙararrawa, ya saki amsa ta gaba a sarƙa.

Saura wurin zama. Teburin da Tela ke shugabanta ya rasa mutum na uku, domin Direba ya yi tafiya. Mai Agogo ya same shi a shago yana yanka yadi.

"Na zo in cece ku."

"Daga me?" in ji Tela, bai ɗago ba.

"Daga Mai Aski na ɗaya teburin. Shekara uku yana aske ku ba ruwa."

"Kai da ka taɓa cewa muryar mace ta namiji ce?"

"Gwada ku nake. Ka sa ni, in na faɗi amsa ɗaya ba daidai ba, ka ɗinke mini baki da keken nan."

Tela ya nemi wani har yammacin Juma'a, bai samu ba.

Ranar Asabar ɗakin ya cika. An ƙirga kujeru arba'in da shida, an aro tara daga mai shagon ƙasa. Saboda baƙi, an ɗora makirufo a kan kowane tebur, an jingina allon maki a bayan 'yan gasa, yana fuskantar jama'a. Kofi na tsaye a gaban Alƙali, an goge shi har yana ɗaukar ido. Mai Agogo ya iso cikin kwat, ya kai matarsa da ƙanwarta layin gaba, ya share musu kujeru da hankici.

"Mijin Yaya, zufar me kake yi tun ba a fara ba?" in ji ƙanwar.

"Injin da ke aiki shi ke zafi. Ke dai buɗe jakarki, a nan za a sa kofi."

Ya zauna tsakanin Tela da wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Nas. Ya ciro auduga ya murza, ya cusa a dama, ya cusa a hagu. Mai Aski, daga ɗaya teburin, ya miƙo wuya.

"Taskar Waƙa, lafiya? Ruwa ne ke shiga taskar?"

"Kunnen gwani ba ya son iskar fanka," in ji Mai Agogo. Wannan ce magana ta ƙarshe da ya ji, domin ya ƙara danna audugar da ɗan yatsa, duniya ta yi tsit.

Saboda haka bai ji abin da Alƙali ya sanar ba da ƙarfe huɗu da minti biyar.

"Kafin a shiga gasa, za mu yi tambayar maraba guda, don baƙinmu su ga yadda ake yi. Ba ta cikin lissafi. Wane kayan kiɗa ne wannan?"

Ya danna rikoda. Ganga ce, ganga tsagwaronta, wadda ko jinjiri zai gane. Ya ɗage yatsa. Ƙararrawa ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Dogo Mai Jita!" in ji Mai Agogo, da muryar wanda ba ya jin kansa.

"Ba daidai ba," in ji Alƙali. Mutum ne da ba ya girgiza kai, ba ya ɗaure fuska, ba ya sakinta. Ya yi rubutu kawai. Mai Agogo ya ga an yi rubutu, ya ɗaga wa matarsa yatsa ɗaya.

"Tambaya ta ɗaya. Wane ne wannan mawaƙi?"

Daƙiƙa biyar. Yatsa. Ƙararrawa.

"Sarewa!"

"Ba daidai ba. Ɗaya teburin."

"Dogo Mai Jita ne, ranka ya daɗe," in ji Mai Aski.

"Daidai. Tambaya ta biyu. Da wane kayan kiɗa aka buɗe wannan waƙa?"

"Saba'in da huɗu!"

Ƙanwar ta juya ga yayarta. "Yaya, busa shi ake yi ko kaɗawa?"

"Yi shiru," in ji matar, amma ta gyara zama.

Mai Aski ya ce sarewa, aka ba shi maki. Sai ya tsaya, ya dubi Mai Agogo, ya dubi silin, ya ƙirga wani abu da yatsu. Sannan ya ciro biro daga bayan kunne ya yi rubutu a tafin hannunsa, yana murmushin wanda ya tsinci dami a kala.

"Tambaya ta uku. A wace shekara aka ɗauki wannan waƙa?"

Tela ya kai hannu ga ƙararrawa, amma hannun da ya shekara talatin yana kama ƙananan kusoshi ya riga shi.

"Kar Ki Rufe Taga!"

Wata baƙuwa da ta miƙe don ta rage iska ta saki marfin taga ta koma ta zauna, tana ba da haƙuri. Dariya ta fashe daga layin baya ta gangaro gaba. Mai Agogo ya ga bakuna a buɗe, kafaɗu na rawa, wani tsoho na share hawaye. Ya fahimci cewa jama'a sun kasa riƙe mamaki. Ya miƙe ya ɗan rusuna musu.

Mai Aski ya duba tafinsa. "Saba'in da huɗu."

"Daidai."

"Na gode, Taskar Waƙa. Allah Ya bar zumunci."

Tela ya ja hannun kwat ɗin Mai Agogo. "Kai! Bari mu amsa!"

Mai Agogo ya ga bakinsa na motsi, ya dafa kafaɗarsa. "Ba komai, Tela, godiyar ta isa. Ka bari sai an tashi."

Aka nemi sunan waƙa, ya ce mutum shida ne. Aka tambayi yawan 'yan amshi, ya ce ƙanwarsa ce. A kowane zagaye Mai Aski sai ya karanta tafin hannunsa, ya kwashi maki, ya goge da yawu, ya jira sabon saƙo. Jama'a suka gane kan wasan, suka fara raka shi. Alƙali na cewa "Ɗaya teburin," rabin ɗaki ke faɗin amsar tare.

"Agogon nan ba lalacewa ya yi ba," in ji wani daga baya. "Gudu yake da minti ɗaya!"

"A kai shi wurin mai gyara!"

"Ai shi ne mai gyaran!"

Nas ta ɗauke ƙararrawa ta ɓoye a cinyarta. Alƙali ya ce doka ta huɗu ta hana raba ƙararrawa da tebur. Ta mayar. Ta ɗora tafinta a kai, Mai Agogo ya buga ta saman hannunta.

"Tambaya ta shida," in ji Alƙali. Muryarsa ba ta sauya ba, sai dai ya daɗe yana duban takardarsa kafin ya karanta. "Wace ce matar da ke raka shi a wannan baiti?"

"Ciwon haƙori!"

Ƙanwar ta zame daga kujera. "Wayyo cikina! Yaya, a gida ma haka yake kiranki?"

Tela bai ƙara jira ba. Ya kama kan Mai Agogo kamar zai auna wuyan riga, ya zare audugar kunnen dama, ya juya shi ya fuskanci allo. Hayaniya ta afka masa lokaci guda. A allo an rubuta: teburin Mai Aski, shida, teburin Tela, sifili. An zagaye sifilin sau biyu, don alli ya ƙi kamawa da farko.

"Kana gaba da tambaya ɗaya, ɗan'uwa," in ji Tela a hankali, haƙoransa a cije. "Ban san inda ka samo su ba, ba na kuma son in sani. Ka janye hannunka."

Mai hankali da ya janye. Mai Agogo kuwa ya ga cewa gyara ne ƙarami, irin wanda yake yi kullum: a mayar da allura baya da ɗigo ɗaya. Tara sun rage, tara kuma sun fi shida. Abin da ake bukata kawai ya gano inda ya tsaya.

"Tambaya ta bakwai. Me ya sa mawaƙin ya dakatar da ɗaukar wannan faifai a tsakiya?"

Ya buga ƙararrawa. Ya buɗe baki. Amsa ta bakwai ba ta zo ba, don ba ta saba tafiya ita kaɗai ba. Ya runtse ido ya koma farkon sarƙa, a zatonsa cikin raɗa. Sai dai kunne ɗaya a toshe yake, makirufo kuma na ƙarƙashin haɓarsa.

"Dogo Mai Jita, sarewa, saba'in da huɗu, Kar Ki Rufe Taga, mutum shida, ƙanwarsa ce, ciwon haƙori..."

Nan ya kamata ya tsaya. Amma kwana huɗu yana gangarowa har ƙasa, kuma keken ba shi da birki.

"...Tagwayen Tasha, kaho, sittin da tara, Wasiƙa Ta Ɓata a Hanya, a cikin gareji, kawunsa, sau uku, Jirgin Safe."

Ya buɗe ido. Ba mai dariya. Ana jin fanka na juyawa. Alƙali na bin takardarsa da yatsa, layi bayan layi, ya kai ƙarshe ya ɗiga aya.

"Goma sha biyar cif," ya ce. "A jere, ba kuskure ko ɗaya. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa yi ba." Ya cire tabarau ya naɗe. "Malam, ran Litinin na bar fayil a shagonka na minti goma sha huɗu."

"Ranka ya daɗe, baiwa ce. Wani lokaci abin kan zo mini kamar a mafarki..."

"Har da kuskuren da na yi a lamba ta goma? Sittin da takwas ce, jiya na gyara."

"Mafarkin bai kai Juma'a ba," in ji Mai Aski.

Ɗaki ya sake rushewa. Alƙali ya jira har aka lafa, sannan ya yanke hukunci bisa doka ta bakwai: Mai Agogo ya bar tebur, an dakatar da shi shekara guda. Amsoshin da suka rage sun lalace, don haka zai zaro kaset daga akwati da ka, ya yi tambaya nan take. Makin Mai Aski shida na nan, tunda ba laifi ba ne mutum ya tsinci abin da aka yar.

"Sai dai doka ta tara ta ce tebur ba ya zama da mutum biyu. In babu mai cike gurbi, kofi ya tafi ɗaya teburin."

Membobi suka sunkuyar da kai. Ba mai son gadon sifili.

Matar Mai Agogo ta miƙa wa ƙanwarta jaka, ta tashi.

"Ke, ina za ki?" ya ce. "Wannan ba wasan yara ba ne. Sai an shekara ana..."

"Maigida, matsa mini."

Ya matsa. Kujerar da ta bari ita kaɗai ce babu kowa, don haka ya zauna kusa da ƙanwar, wadda ta miƙa masa hankici ba tare da ta dube shi ba.

Alƙali ya zaro kaset, ya tambayi mawaƙi, ya danna. Yana ɗage yatsa ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, a hankali. Ta faɗi suna. Daidai. Ya zaro wani. Ta faɗi shekara, ta ƙara da cewa an sake ɗaukar waƙar bayan shekara biyu da wani makaɗi, amma ta farkon ta fi daɗi. A na uku ta gyara wa Alƙali sunan waƙar, ya duba bayan kaset, ya nemi afuwa. Mai Aski ya duba tafin hannunsa, babu komai sai shuɗin tawada. Ya ci ɗaya da ƙyar. Nas ta ci ɗaya. Sauran duka matar ta kwashe. Da ƙarfe shida saura minti bakwai allo ya nuna takwas da bakwai.

Alƙali ya miƙa mata kofi da hannu biyu. "Baiwar Allah, a ina kika yi wannan karatu?"

"A gaban teburin guga, ranka ya daɗe. Akwai shirin tsofaffin waƙoƙi a rediyo, mai gabatarwa yana ba da tarihin kowace ɗaya. Ban taɓa fashi ba."

Membobi suka dubi juna. "Wane shiri? Yaushe ake sa shi?"

"Kowace Asabar, huɗu zuwa shida."

Tela ya ce daga yau kujerar tata ce, Direba in ya dawo ya nemi wani tebur. Aka rubuta sunanta a littafi.

Kofin na da nauyi, don haka Mai Agogo aka ba ya ɗauka. Suna shiga layinsu, mai kantin kusurwa ya hango shi rungume da shi, ya fito yana tafi.

"Kai, Taskar Waƙa! Ashe da gaske kake! Yaya aka yi?"

Mai Agogo ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. "To, ka san abin sai da..."

"Dako yake yi," in ji ƙanwar.

A ƙofar gida ya gwada dabara ta ƙarshe.

"In an bi gaskiya, cewa na yi kofi zai shigo gidan nan. Ga shi ya shigo."

"Ya shigo," in ji matar, ta karɓe shi ta goge inda yatsunsa suka taɓa. "Asabar mai zuwa zan fita uku da rabi. Kayan makarantar yara na cikin kwando, rigunanka na ƙasa. Kwalar ake fara gogewa."

"Ni? Awa biyu ni kaɗai da dutsen guga?"

"Ba kai kaɗai ba. Ƙarfe huɗu ka kunna rediyo. Ka saurara da kyau, in na dawo zan yi maka tambayoyi."